Motar Farko da Hannun da Bai Faɗa Ba

Ranar wata Laraba, bayan an sallame sallar La'asar a masallacin unguwarmu ta Hausawa da ke New Bell a birnin Duwala, ɗan ƙanena, wanda yake da rumfar atamfa a Kasuwar Kongo, ya tare ni a bakin ƙofa fuskarsa cike da annuri, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Baffa, in da hali ina so ka taka ka sa mini albarka a wani abu." Muka taka har bakin titi, inda na iske wata Toyota Corolla ruwan toka tana ta sheƙi, an shafe tayoyinta da mai, an fesa turare a cikinta, ga dillali tsaye a gefe yana kaɗa makulli a yatsa. Da na nemi jin yadda aka yi, sai yaron ya shaida mini cewa kuɗin adashinsa na shekara uku ne zai zuba a ciki, kuma ya riga ya ba da kafin alƙalami tun jiya ba tare da kowa ya leƙa ƙarƙashin motar ba, alhali makonsa uku kacal da shiga makarantar koyon tuƙi, bai ko zauna jarrabawar permi, wato lasin tuƙi, ba. Na ce masa, "Ɗana, albarka tana nan, ba ta gudu, amma sai gobe da safe, bayan wanda ya san ƙarfe ya gan ta."

Washegari da sassafe muka zo da wani tsohon bakanike, wanda ya haura shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motocin Duwala, kuma sharaɗin da ya fara gindayawa tun daren jiya shi ne kada kowa ya tayar da motar kafin isowarsa, domin inji mai ciwo, in ji shi, da sanyin safiya yake faɗin gaskiya. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya ji shi da ɗumi, ya ɗaga kai ya dubi dillali, bai ce uffan ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza abin da ya biyo ta tsakanin yatsunsa, ya ga ya yi kauri fiye da ƙima, irin wanda ake zubawa domin a rufe bakin injin da ya fara ƙara. Ya duba agogon kilomita ya ga lissafi kaɗan, sa'an nan ya sunkuya ya nuna mana robar da ke kan birki da ta kan kuloci, duk sun suɗe har ƙarfe ya leƙo, abin da ba ya faruwa sai ƙafa ta yi shekara da shekaru tana takawa. Daga ƙarshe ya sa farce ya ɗaga robar da ta zagaye ƙofar baya, sai ga fenti ruwan ɗorawa a ƙarƙashi, launin da duk mazaunin Duwala ya san na tasi ne. Ya miƙe ya goge hannu da tsumma, ya ce wa yaron, "Samari, wannan ba jiya ta sauko daga jirgi ba. Ta daɗe tana jigila tsakanin Ndokoti da Deido, fasinja biyu a gaba, uku a baya, sai da ta gaji aka yi mata kwalliya." Rabin kafin alƙalamin ya salwanta a wannan ciniki, kuma har yau ina gode wa Allah da ya taƙaita abin a nan.

Na kawo wannan labari ne saboda ya daɗe yana maimaita kansa a unguwarmu, kuma galibi babu baffa ko bakanike a cikinsa. Abin da nake gani, bayan dogon tunani da yawan kallon abin da ya sami 'ya'yan maƙwabta, shi ne duk wanda ya sayi tsohuwar mota alhali yana cikin koyon tuƙi ya tara jahilci biyu a ciniki ɗaya, domin bai san halin abin da zai hau ba, bai kuma san iyakar hannunsa ba. Jahilcin farko dukiyarsa yake ci, wannan kuwa Allah yana iya mayar masa da ita. Na biyun jinin mutane yake taɓawa, kuma shi ne wanda ba a cika maganarsa ba idan ana shawarar sayen mota.

Galibin motocin da ke yawo a titunan Duwala sun ƙare rayuwa ɗaya a wata ƙasa kafin su fara ta biyu a nan. A babban birnin Beljiyam akwai wani titi da ake kira Heyvaert, inda aka shafe shekaru ana tara tsofaffin motocin Turai, a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, a loda su zuwa Kwatano da Lome da Duwala, kuma daga nan ne 'yan'uwanmu na Nijeriya suka laƙaba wa irin wannan kaya sunan baljiyam, mu kuwa a nan muka ari kalmar Faransanci muna cewa okaziyon. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, aka wayi gari kuɗin kayan waje ya ninka, sa'an nan a 1995 kamfanin bas-bas na SOTUC ya durƙushe ya bar mutanen gari da tasi da babura, sabuwar mota ta zama abin manyan ma'aikata da manyan attajirai, sauran jama'a suka koma ga abin da Turawa suka gama hawa. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Ban ga aibi ga sayen irinsu ba, domin a cikinsu akwai masu sauran ƙarfi da za su yi wa mutum hidimar shekara goma. Sai dai ya kamata mai saye ya sani cewa motar da ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, sa'an nan ta zo ta zauna cikin danshin Duwala da iskar teku, daga ƙasa take ruɓewa, inda idon mai sha'awa ba ya kaiwa, kuma fenti ba ya ba da labarin tsatsa.

Malamanmu na fiƙihu ba su ga mota ba, amma sun ga raƙumi da saniya da akuya, sun kuma san zuciyar ɗan Adam idan ya shiga kasuwa, saboda haka babu wata dabarar masu sayar da mota a yau wadda ba su yi hukuncin irinta ba. A babin ciniki akwai abin da suka kira tasriya, wato mai dabba ya bar tatsarta kwana biyu ko uku har hantsarta ta cika ta yi tantsan, sa'an nan ya kai ta kasuwa domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta hana wannan, ta kuma ba wanda aka yaudara zaɓin mayar da dabbar tare da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da ya tatsa. To, ina bambancin wannan da mayar da agogon kilomita baya, ko zuba mai mai kauri a injin da ya ƙare, ko ɗumama mota kafin mai saye ya iso? Haka kuma dillalin da ya ga yaro yana jinkiri, sai ya rantse masa cewa wani Alhaji zai zo da kuɗi bayan Magariba, alhali babu Alhajin, ya kusanci abin da malamai suka kira najashi, wato tayar da farashi da mai sayen ƙarya. Kowane ɗalibin hadisi ya san ƙissar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma Hausawa a wannan gari da ita aka san su tun zamanin fataucin shanu da goro, suna cin la'adarsu da mutunci saboda an amince da maganarsu. Abin takaici ne a ce wannan amana da kakanni suka tara ana sayar da ita yau a kan 'yan dubban sefa, kuma wanda ake cuta ɗin sau da yawa ɗan unguwa ne, wanda ake haɗa sahu da shi a masallaci.

Amma duk da cewa Shari'a ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana, wanda ya san kasuwar mota ya san cewa kuɗin da ya shiga aljihun mai sayarwa da wuya ya fito, musamman idan ciniki ya bi ta hannun mutum uku kafin ya kai ga mai ita. Saboda haka mai koyo ba shi da kariya sai ya yarda cewa shi ba alƙalin motarsa ba ne. Mutumin da bai taɓa jin yadda lafiyayyen giya yake shiga ba, ta yaya zai gane wanda ya fara zamewa? Ya nemi bakanikensa na kansa, wanda ba shi da wata alaƙa da dillali, ya biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba, ya kuma dage a kai motar kan rami a duba ƙarƙashinta da fitila, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a ga ko akwai busasshen taɓo da warin ambaliya, a buɗe murfin mai a ga ko akwai farin kumfa, alamar ruwa yana haɗuwa da mai, a tsaya bayanta a ga launin hayaƙin da salansa ke fitarwa. Wanda ya hana a yi wa motarsa wannan bincike ya riga ya ba da amsa.

Wajen zaɓi kuwa, nan ne son a gani yake halaka samarinmu. Yaro yana da kuɗin ƙaramar mota mai lafiya, sai ya tafi ya sayi babbar jif ta Jamus wadda ta tsufa, domin ranar Juma'a a ga ya fito daga cikinta, ya manta cewa babbar mota ko ta yi arha wajen saye, gyaranta na masu kuɗi ne. Hikimar da direbobin tasi suka gano da gumin goshinsu ita ce a hau abin da kayan gyaransa ke zube a Camp Yabassi, wanda kowane yaron gareji zai iya kwancewa ya ɗaura, shi ya sa ƙananan Toyota suka cika gari. Mai koyo lalle zai goga bango, zai karce ƙofa a jikin wani, zai ƙona kuloci a cunkoson Ndokoti, babu makawa, kuma gara wannan ya faru a jikin motar da gyaranta ba zai cinye jarin rumfa ba. Ya kuma yi lissafin abin da ke biyo bayan saye, domin litar fetur da aka saba sha a sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024, ga asurans, wato inshora, ga vinyet, wato harajin mota, ga vizit teknik, wato binciken lafiyar mota, ga kuɗin wurin kwana ga wanda lungun gidansu ba ya shigar mota, waɗanda su ne mafi yawanmu. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a farashin mota, bai bar ko rubu'i na gyara da takardu ba, zai wayi gari ya ga ta zama mazaunin kaji a ƙofar gida.

Batun takardu ba na wasa ba ne, kuma a nan kunya tana cutar da mu ƙwarai. Ana jin nauyin a ce wa dattijo ya kawo kart giriz, wato takardar rajistar mota, a gwada lambar da ke rubuce da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, ana jin nauyin a nemi shaidar cewa an biya kwastan a tashar Duwala, ana jin nauyin a tambayi ko wanda ya sa hannu a takardar sayarwa shi ne mai sunan da ke kan kart giriz, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mutane da yawa suna yawo shekaru da motar da ke ɗauke da sunan wani, wanda wataƙila ya bar ƙasar ko ya riga mu gidan gaskiya, sai ranar da hatsari ya auku ko aka zo rabon gado sa'an nan a gane cewa a idon hukuma ba su mallaki kome ba.

Na jinkirta maganar hannun direba ne domin ita ce ta fi nauyi a zuciyata. New Bell ba a shata ta domin mota ba. Jamusawa ne suka ware wurin kafin yaƙin duniya na farko, lokacin da suka ƙudura tayar da Duwalawa daga bakin kogin Wuri su tura su can baya, kuma a kan tsayayya da wannan ƙwacen ƙasa ne suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan 1914. Daga bisani baƙi suka cika unguwar, Hausawa da Bassa da Bamileke da sauransu, kowa ya kafa gida inda ya sami fili, har aka wayi gari lunguna sun matse, kwata tana bin gefensu, masu tebur sun ci rabin hanya, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, suna kutsowa ta dama da hagu, yaran Islamiyya suna fitowa a guje da allunansu. Idan damina ta kankama a Yuli da Agusta, ruwa yakan shafe bambanci tsakanin titi da kwata, har gwanin direba ma sai ya yi tafiyar hawainiya. A irin wannan wuri ne muke barin yaron da bai gama rarrabe birki da totur ba ya zauna bayan sitiyari shi kaɗai.

Na gani da idona abin da wannan ke haifarwa. Wata safiya a lungunmu wani saurayi, kwana huɗu da sayen motarsa, yana ƙoƙarin juyawa, babur ya gifta ta gabansa, ya firgita, ƙafarsa ta sauka a kan totur maimakon birki, motar ta yi tsalle ta daki teburin wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, kaskon mai ya kife a ƙafar 'yarta da ke zaune tana ƙulla sadaka a leda. Yarinyar ta rayu, amma ta yi watanni tana jinya, kuma tabon yana nan. Saurayin ya fito yana rawar jiki yana kuka, ba mugu ba ne, ɗan mutunci ne, kuma akwai permi a aljihunsa. Da aka matsa masa, ya amsa cewa bai taɓa zama jarrabawa ba, kuɗi ya bayar aka kawo masa takardar har gida. Wannan shi ne algus ɗin da mai saye yake yi, kuma a wurina ya fi na dillali muni, domin dillali mutum ɗaya ya yaudara, shi kuwa mai permin saye ya yaudari duk wanda ya tsallaka titi a gabansa yana zaton direba ne ke tafe.

Malaman Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid wadda yaranmu ke karantawa a zaure, sun tabbatar da lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙarfe mai nauyin tan ɗaya ya fi doki sauƙin hukunci. Kisan kuskure yana da diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000, yana da kaffara, wadda Suratun Nisa'i ta ce 'yanta bawa ce, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba. A da dangin mutum ne, waɗanda fiƙihu ya kira aƙila, suke haɗa diyyar kuskurensa. To, ɗan kasuwar da ke zaune a Duwala, danginsa suna Garwa ko Ngaundere ko Kano, kowa yana fama da kansa, wa zai ɗauka masa? Na san malamai sun yi saɓani a kan asurans, kuma ba ni da matsayin yanke hukunci a tsakaninsu, amma dokar CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta wajabta wa kowane mai mota inshorar abin da zai jawo wa wani, kuma mahaifiyar yarinyar nan ba ta sami ko kuɗin magani daga wata hanya ba sai abin da maƙwabta suka tara, saboda takardar asurans ɗin saurayin ma ta bogi ce.

Wani zai ce, kuma ya faɗi gaskiya, 'yan sa'o'in da makarantar tuƙi ke bayarwa ba sa isa hannu ya faɗa, kuma wanda ba shi da mota zai manta abin da ya koya kafin wata uku, don haka dole ya saya ya riƙa gwadawa. Ban musa ba. Abin da nake kira a kai shi ne tertibi, irin wanda muka sani a alwala, inda ake gabatar da abin da ya kamata ya gabata. A fara da makaranta ta gaskiya, a zauna jarrabawa a ci da gumi, sa'an nan a sayi ƙaramar mota mai giyar hannu wadda bakanike ya yarda da ita, sa'an nan a nemi gogaggen direba, ko da biya ne, ya riƙa zama a gefe na tsawon wata biyu ko uku, a fara da safiyar Lahadi a faffaɗan titunan Bonanjo lokacin da gari ya yi shiru, kafin a shiga Akwa, kafin a haura gadar Wuri zuwa Bonaberi. Babbar hanyar Yawunde kuwa, wadda ta bi ta Edea, inda manyan motocin katako da bas-bas suke tsere, wadda ta cinye rayukan da ba su ƙidayuwa, ba wurin sabon hannu ba ce a shekararsa ta farko, ko da ɗaurin auren wa za a je.

Ɗan ƙanena ya koma makarantarsa ya ƙarasa, ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, ya sake zama ya ci, kuma bayan wata bakwai tsohon bakaniken nan ya samo masa wata ƙaramar Toyota wadda fentinta ya koɗe amma ƙarƙashinta tsaf, kart giriz ɗinta yau da sunansa. Roƙona ga limamanmu na New Bell shi ne su ware huɗuba guda a kan permin saye da ɓoye aibin mota, su ambaci abin da sunansa yadda kowa zai gane. Ga shugabannin dillalai kuma, su hana yaransu sayar wa ɗan koyo mota sai ya zo da bakanikensa. Kai kuma uba ko baffa ko kawu, idan ɗanka ya zo neman albarka a kan motarsa ta farko, ka tambaye shi ranar da ya zauna jarrabawa da sunan wanda ya leƙa ƙarƙashinta kafin ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a.